Yadda Ake Amfani da Nazarin Bayanai Wajen Zaɓen Bishiyoyin da Za a Dasa a Titunan Birni

Bakin titi wuri ne mai wuyar zama ga bishiya. Ƙasar wurin ta danƙare saboda nauyin motoci da injinan aikin hanya, kwalta na mayar mata da zafi daga ƙasa, wayar lantarki na jiran rassanta a sama, bututun ruwa kuma na kwance a inda saiwarta za ta bi. Wani nazari da Lara Roman da Frederick Scatena suka wallafa a 2011, wanda ya tattaro alƙaluman birane da dama, ya kiyasta cewa bishiyar titi kan yi shekara 19 zuwa 28 ne a matsakaici, alhali da yawa daga ire-irenta kan haura shekara ɗari a daji.

Duk da haka, sau da yawa ana zaɓen abin da za a dasa ne bisa abin da aka tarar a wurin renon dashe, ko abin da ya fi araha, ko abin da aka saba gani. An sha ɗanɗana kuɗar wannan. Biranen Amurka sun cika titunansu da bishiyar elm, sai wata cuta da ƙwaro ke yaɗawa ta shigo ƙasar wajen 1930 ta bi su unguwa-unguwa. Wurare da yawa suka maye gurbinsu da bishiyar ash. A 2002 aka gano wani ƙwaro daga Asiya a kusa da Detroit, wanda ya hallaka miliyoyin ash ɗin. Kuskure ɗaya aka maimaita: dogaro da iri guda.

Saboda haka tun daga farko a cire rai da cewa kwamfuta za ta fitar da wata bishiya guda da ta fi kowace. Aikin bayanai shi ne su nuna wace bishiya ce za ta rayu a wane irin wuri, su kuma hana birni jingina da iri ɗaya ko biyu. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Rubuta abin da ake nema

Kafin a taɓa waya ko kwamfuta, a rubuta manufar cikin jimla biyu ko uku. Inuwa ake so ga masu tafiya a ƙafa? Rage ƙura? Shanye ruwan sama don rage ambaliya? Kowace amsa bishiyarta daban. A rubuta kuma abin da ba za a iya ba, musamman ban ruwa: shekara nawa za a iya shayar da dashe, kuma wa zai yi. Wannan amsar ita kaɗai za ta fitar da nau'o'i da yawa daga lissafi.

Mataki na 2: Ƙidaya abin da ke tsaye

Ba a nazari ba tare da ƙidaya ba. Birnin New York ya yi tasa a 2015 zuwa 2016 tare da dubban 'yan sa-kai, aka samu bishiyoyi 666,134 a bakin tituna, kowace da wurinta a taswira. Ba sai birni ya kai New York arziki zai yi irin wannan ba. Wayar hannu mai GPS, tef na awo, da manhaja ta kyauta irin su KoboToolbox ko ODK sun wadatar. Idan birnin ya yi girma, a raba tituna gutsure-gutsure daga mahaɗa zuwa mahaɗa, a ba kowane gutsure lamba, a bar kwamfuta ta zaɓo wasu kai-tsaye ba tare da son rai ba. Kada a bar ma'aikata su zaɓa da kansu, domin ƙafa inda ke da inuwa take nufa.

A kan kowace bishiya a rubuta wurinta, nau'inta, kaurinta, faɗin rassanta da lafiyarta. Kauri ana auna shi ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa: a zagaya tef a jikin bishiyar, a raba abin da aka samu da 3.14, shi ne faɗin gangar jikinta. Lafiya kuwa a tsayar da matakai biyar, daga ƙoshin lafiya zuwa matacciya, a ɗauki hoton misalin kowane mataki a ba duk masu ƙidaya, don kada abin da wani ya kira lafiyayya wani ya kira ta mai rauni. Sannan a rubuta halin wurin: faɗin ƙasar da ba a rufe da siminti ba, nisa daga bango da magudanar ruwa, ko akwai waya a sama, ko saiwa ta ɗaga daɓen masu tafiya.

Abin da aka fi mantawa shi ne kututture da ramukan da babu komai a ciki. A rubuta su duka. Ramin da ba bishiya shaida ne cewa an taɓa dasa wani abu ya mutu, kuma za mu ga amfaninsa nan gaba.

Bayan an dawo daga fili sai aikin tsaftace bayanai, wanda yakan ci lokaci fiye da nazarin kansa. Za ka tarar an rubuta bishiya ɗaya da suna uku, darbejiya a nan, dogon yaro a can, maina a wani layin. A haɗe su ƙarƙashin sunan kimiyya guda. Za ka tarar da bishiya mai kaurin santimita 900 domin wani ya ƙara sifili, da wadda GPS ya jefa tsakiyar ɗakin wani saboda dogayen gine-gine na rikita sigina. A jera alƙaluman daga babba zuwa ƙarami, waɗanda suka yi fice a sake dubawa. Yana da kyau kuma wani mutum dabam ya sake auna ɗaya cikin kowace goma, a kwatanta.

Mataki na 3: Duba ko an tara ƙwai a wuri ɗaya ta fuskar iri

A zuba bayanan a Excel ko Google Sheets, a fitar da kason kowane nau'i cikin ɗari. Ma'aunin da aka fi sani shi ne wanda Frank Santamour ya gabatar a 1990: kada nau'i ɗaya ya wuce kashi 10 na bishiyoyin birni, kada jinsi ɗaya (rukunin nau'o'i makusanta) ya wuce kashi 20, kada dangi ɗaya (rukunin jinsuna makusanta) ya wuce kashi 30. Birnin Melbourne na Ostireliya, bayan dogon farin da ya jigata bishiyoyinsa, ya tsaurara nasa a 2012 zuwa 5, 10 da 20.

A nan ido kan yaudari mutum. Titi mai cediya, durumi, gamji da ɓaure ya yi kama da mai iri-iri, amma dukansu jinsi ɗaya ne, Ficus. Darbejiya da maɗaci ba su yi kama sosai ba, amma danginsu ɗaya, Meliaceae. Tsamiya, ɗorawa da gawo duk suna cikin dangin wake. Ƙwari da cututtuka da yawa jinsi suke bi, shi ya sa lissafin jinsi da dangi ya fi na nau'i faɗin gaskiya. Wasu ƙwarin ma ba ruwansu da iyakar dangi, kamar ɗan ƙaramin ƙwaron da ke huda itace wanda aka gano a Afirka ta Kudu a 2017, ya kuma addabi bishiyoyin Johannesburg iri daban-daban.

A yi lissafin sau biyu: da yawan bishiyoyi, sannan da faɗin inuwarsu. Nau'in da bai wuce kashi 8 a ƙidaya ba zai iya zama shi ke ba da sulusin inuwar birni idan manyan bishiyoyin duk nasa ne. A kuma yi shi unguwa-unguwa, domin birni na iya cika sharuɗɗa a dunƙule alhali wata unguwa iri ɗaya tal take da shi. Daga ƙarshe a kasa bishiyoyin bisa kauri. Idan yawancinsu manya ne tsofaffi, babu matasa masu tasowa, to birnin na dab da rasa inuwarsa lokaci guda.

Mataki na 4: Gano wace ce ke rayuwa, wace ce ke mutuwa

A ganina wannan matakin ya fi sauran duka nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Manhajoji irin su i-Tree, wadda hukumar gandun dajin Amurka ta fitar a 2006 kuma kyauta ce, suna iya lissafa iskar da bishiya za ta tace da ruwan da za ta tare idan ta girma. Amma duk wannan alheri yana rataye ne a kan kalmar idan. Bishiyar da ta mutu a shekara ta biyu ba ta ba kowa inuwa ba.

Matsalar ƙidaya ita ce waɗanda suka tsira kaɗai take nunawa. Idan ka ga wani nau'i guda 50 duk lafiyayyu, ba ka sani ba ko 60 aka dasa ko 600. Don haka a nemo tsofaffin takardun dashe: rasitan saye, rahoton 'yan kwangila, jerin titunan da aka yi wa aiki. Tsofaffin hotunan Google Earth da na Street View, inda akwai su, suna taimakawa wajen ganin abin da ke wurin shekarun baya. Tsofaffin ma'aikatan lambu ma taska ne, a zauna da su a rubuta abin da suka tuna.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. A ɗauka an dasa 200 na wani nau'i, bayan shekara 3 aka tarar da 150. Kashi 75 ke nan suka rayu. Don a iya kwatanta shi da wanda aka dasa shekara 7 baya, sai a mayar da shi na shekara-shekara: a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta sau uku za ta ba da 0.75, wato kusan 0.91. Ma'ana kimanin 9 cikin ɗari ke mutuwa duk shekara. A tuna dai mutuwa ta fi yawa a shekarun farko bayan dashe, don haka an fi samun adalci idan aka kwatanta tsara da tsara.

Inda babu takardu ko kaɗan, akwai wata dabara. A ɗauki kason lafiyayyu a cikin nau'in, a raba da kason lafiyayyu a dukan bishiyoyin birnin. Idan sakamakon ya haura 1, nau'in ya fi matsakaici ƙwazo. Idan ya gaza 1, yana shan wuya.

Sai dai a yi hattara da tarko biyu. Na farko, wani nau'in zai fito da sakamako mai kyau don kawai a manyan titunan da ake shayarwa aka dasa shi, wani kuma ya fito da muni don a bakin tashar mota aka jefa shi babu shinge. Ba bishiyar ka auna ba ke nan, gata ka auna. Maganin shi ne a kwatanta nau'o'i a cikin wurare masu hali ɗaya, wanda ya kawo mu mataki na gaba. Na biyu, ƙarancin adadi. Bishiya 6 da suka rayu duka ba hujja ba ce. Duk nau'in da bai kai 30 ba a sa masa alama cewa shaidarsa ba ta yi ƙarfi ba tukuna.

Mataki na 5: Kasa wuraren dashe gida-gida

A buɗe QGIS, manhajar taswira ta kyauta, a ɗora tituna, wayoyin lantarki, bututu da magudanai, da ramukan da aka ƙidaya. A kai sai a ɗora hotunan tauraron ɗan'adam. Sentinel-2 na Turai yana nuna ciyayi a kan faɗin mita 10, Landsat 8 da 9 kuma suna auna zafin saman ƙasa, duka kyauta. A ɗauki hoton lokacin tsananin zafi, ranar da babu gajimare. Zafin da Landsat ke nunawa na kwalta da rufin gida ne, ba na iskar da mutum ke ji ba, amma ya isa ya nuna unguwar da ta fi wata ƙuna. Inda zafi ya haɗu da cunkoson masu tafiya a ƙafa, kamar hanyar makaranta, asibiti da wurin jiran mota, nan ya kamata a fara.

Ƙasa kuwa tauraron ɗan'adam ba zai gaya maka gaskiyarta ba. Taswirori irin su SoilGrids suna aiki ne a kan faɗin mita 250, ƙasar birni kuma tana canzawa daga rami zuwa rami, cike da ɓaraguzan gini. Gani ya kori ji: a haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 50, a cika shi da ruwa ya tsotse, a sake cikawa a ga tsawon lokacin da zai ɗauka. Idan kwana ya zagayo ruwa na nan, wurin na bishiya mai jure jiƙa ne kawai.

Sai girman ƙasar da saiwa za ta samu. Ma'aunin da masana ke yawan amfani da shi shi ne kimanin mita kubik 0.6 na ƙasa ga kowace murabba'in mita ɗaya ta inuwa. Bishiyar da rassanta za su kai faɗin mita 8 tana rufe kusan murabba'in mita 50, tana buƙatar ƙasa wajen mita kubik 30 ke nan. Ramin mita ɗaya ta kowane gefe kubik ɗaya ne kacal. Wannan lissafin shi ke bayyana dalilin da ya sa babbar bishiya a ƙaramin rami ko dai ta tsumbure ko ta fasa daɓe da katanga tana neman abinci.

Da waɗannan a kasa wuraren zuwa gida huɗu ko biyar: matsattse mai waya a sama, matsattse mara waya, faffaɗan tsakiyar titi, wurin da ruwa ke kwanciya, da makamantansu. Kowane gida zai samu jerin bishiyoyinsa.

Mataki na 6: Gwada su da yanayin gobe

Dashen bana sai bayan shekara 20 ko 30 zai ba da cikakkiyar inuwa, kuma yanayin lokacin ba na yau ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya duba nau'o'i 3,129 a birane 164, ya gano fiye da rabinsu tuni suna zaune cikin zafin da ya zarce wanda suka saba da shi, kuma zuwa 2050 adadin zai kai kusan kashi uku cikin huɗu.

Hanyar gwaji ita ce a sauko da wuraren da aka taɓa samun nau'in daga GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da ke intanet, a ɗora su a kan bayanan yanayi na WorldClim, a fitar da abu biyu a kowane wuri: zafin watan da ya fi zafi, da ruwan watanni ukun da suka fi bushewa. A yar da kashi 5 na can sama da kashi 5 na can ƙasa, abin da ya rage shi ne iyakar da nau'in ya saba. Sai a kwatanta da hasashen birninka na tsakiyar ƙarni, a kuma ƙara wani abu a kai domin cikin gari ya fi kewayensa zafi. A tace bayanan GBIF kafin a yarda da su. Wasu an ɗauke su ne a lambunan da ake shayarwa, wasu kuma an sa musu wurin tsakiyar ƙasa ko babban birni don ba a san ainihin inda aka tsinko su ba. Akwai kuma gajeriyar hanya mai kyau: a nemi birnin da yanayinsa na yau ya yi kama da wanda ake hasashen naka zai zama, a ga abin da ke bunƙasa a titunansa.

Mataki na 7: Tankaɗe tukuna, sannan maki

Kamar yadda ake tankaɗe gari kafin a tuƙa, haka za a fara fitar da waɗanda ba su cancanta ba sam. Doguwar bishiya ba ta shiga ƙarƙashin waya. Mai saiwa mai fasa gini ba ta shiga matsattsen wuri. Mai ƙaya, mai guba, mai rassa masu saurin karyewa, da mai manyan 'ya'ya masu faɗowa kan mutane, duk a cire su daga hanyar masu tafiya. Mai mamaye ƙasa ma a cire ta: Prosopis juliflora an kai ta ƙasashe da dama don ta jure fari, ta koma annoba a filayen kiwo. Idan aka bar irin waɗannan suka shiga zagayen maki, kyawun inuwarsu zai rufe aibin da bai kamata a yafe ba.

Waɗanda suka tsallake sai a ba su maki 1 zuwa 5 a kan kowane ma'auni, a ninka da nauyin da aka ba ma'aunin. Misali, a ba rayuwa nauyin 40, inuwa 25, jure yanayin gobe 20, sauƙin kulawa 15. Bishiyar da ta samu 3, 5, 3, 2 za ta tashi da 335 cikin 500. Wadda ta samu 5, 3, 4, 4 za ta tashi da 415. Daga nan a gwada sauya nauyin, a mayar da rayuwa 25, inuwa 40. Ta farko ta koma 365, ta biyu 385. Tunda ta biyun ba ta sauka daga kan gaba ba, za a iya dogara da ita. Idan kuwa ƙaramin sauyi ya birkita jerin, to bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba, a ɗauke su duka.

Wajen kuɗi, a raba abin da aka kashe da yawan waɗanda ke raye bayan shekara 5, ba da yawan waɗanda aka dasa ba. Dashen da ya zo a rabin farashi amma ɗaya cikin uku ke rayuwa ya fi tsada a kan wanda tara cikin goma ke tsira.

Mataki na 8: Kai jerin ga mutane da masu reno

Daga kowane gida a fitar da nau'i biyar zuwa takwas daga dangi daban-daban, a rage kason waɗanda suka riga suka yi yawa a mataki na 3 ko da makinsu ya yi sama. Sannan a je wurin mazauna titin. A Detroit, tsakanin 2011 da 2014, kusan ɗaya cikin huɗu na mutanen da aka yi wa tayin bishiya kyauta sun ƙi karɓa. Binciken Christine Carmichael ya nuna ba ƙin bishiya suke ba. Ba a shawarce su kan irin da za a dasa ba ne, kuma sun taɓa ganin an bar musu wahalar matattun bishiyoyi. A ba mai gida zaɓi cikin biyu ko uku da suka dace da ƙofarsa. Wanda ya zaɓa da bakinsa ya fi kusa da ɗauko bokitin ruwa.

Masu renon dashe kuma a sanar da su da wuri, shekara biyu ko uku kafin lokaci, domin abin da ba a nema ba ba sa renonsa. In ba haka ba ranar dashe za a koma kan abin da aka tarar. Nau'in da lissafi ya yaba amma ba a taɓa gwada shi a titi ba, a dasa 30 zuwa 50 a wurare mabambanta a sa ido, kafin a yi odar dubbai.

Mataki na 9: Ci gaba da rubutawa

Kowane dashe a ba shi lamba tun ranar da ya shiga ƙasa, tare da nau'insa, inda aka reno shi, girmansa, wanda ya dasa da wanda zai shayar. A koma a duba shi a ƙarshen rani na farko, sannan a shekara ta 2, ta 3 da ta 5. Wanda ya mutu kada a goge layinsa. A rubuta ranar da aka tarar da shi da abin da ake zaton ya kashe shi: ƙishirwa, dabbobi, mota, sara, aikin gini ko cuta. Bambance waɗannan yana da muhimmanci, domin dashen da dabba ta cinye shinge yake buƙata, ba sauya iri ba. Duk shekara uku a zuba sababbin alƙaluman a jadawalin mataki na 4, a sake lissafa makin mataki na 7, a aika wa masu reno sabon jerin.